Buhu Biyar a Tsakar Gida: Siyasar da Ke Shiga Tukunya



Iyayena mata, yayyena da ƙannena na wannan zaure, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, barkanmu da warhaka. Ya gida, ya yara, ya kuma haƙuri da cefane?

Saƙon nan yana da ɗan tsawo. Ki bari sai kin sauke tukunya ki karanta a natse, don maganar tukunyar ce ma.

Ra'ayina shi ne: duk macen da ke riƙe da katin jam'iyyar nan, ya kamata a ce akwai abin miya da ke tsirowa a gidanta, ko da buhu biyar ne jere a jikin katanga. Kuma reshen mata ya ɗauki wannan a matsayin aikinsa, kamar yadda yake ɗaukar rajista da gangami. Na san wata za ta ce, “Hajiya, ina ruwan siyasa da alayyahu?” Ki biyo ni, za ki ga ruwan.

*Inda kuɗin cefane ke zurarewa*

Hatsi ana auna shi a ajiye, a yi kwanaki ana ɗiba. Kayan miya kuwa kullum sai an fitar da kuɗi: tumatur, attarugu, albasa, ganye. Nan ne aljihu ke yoyo ba a ji ba a gani. Ki zauna da biro ki lissafa abin da mai kayan miya ya karɓa a hannunki cikin wata guda, za ki riƙe baki.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, duk abin da ke hawa mota ya ƙara kuɗi. Kwandon tumatur ɗin da aka ɗauko daga Kadawa ko Kura ko Ɗanja, da buhun albasar da ya taso daga Aliero, kafin su iso teburin unguwarku sun sha mai, sun sha kuɗin dako, dillali ya cire nasa. Ke ce ta ƙarshe a layi, ke za ki biya duka.

Ga kuma tsadar da ke zuwa da lokaci. Da tumatur ɗin rani ya ƙare, damina ta kama, sai ya zama ɗan gwal. Waɗanda suka yi cefane a 2016 ba su manta ba: tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin tumatur a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur, masana'antar Dangote ta Kadawa ma ta tsaya saboda rashin abin sarrafawa. Tsutsar nan ba ta tafi ba, tana dawowa.

To idan kuɗi ya gaza, me ake fara ragewa? Ganye. A kaɗa miya tsululu, a ce yara su yi haƙuri. Wa ke fara haƙura da nata kason? Uwa. Alhali ganyen nan, su zogale da alayyahu da rama, yana cikin abin da ke taimaka wa jinin mai ciki da mai shayarwa, yana kuma ɗauke da sinadarin da ke kare idon yaro. Duk wadda ta taɓa leƙa ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa a asibitocinmu ta san ba tatsuniya nake yi ba. Ban ce ganye kaɗai yana maganin tamowa ba. Yaro na buƙatar wake da gyaɗa da ƙwai da kifi, wanda kuma ya riga ya rame ko ƙafarsa ta kumbura, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Amma gidan da ganye ke tsakar gida, kuɗin da aka saba ba mai kayan miya shi zai koma ya sayi ƙwan.

*An taɓa yi, me ya sa ya mutu?*

Maganar nan ba sabuwa ba ce. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kira a rediyo cewa kowa ya shuka wani abu a bayan gidansa, makarantu suka buɗe gonaki. Shugaba Shagari ya zo da nasa shirin noman a 1980. Ko a 2024 an yi gasar lambu a kowane gida daga ofishin uwargidan shugaban ƙasa.

A ganina abin da ke kashe irin waɗannan shirye-shirye guda ne: daga sama suke saukowa. A yi biki, a ɗauki hoto, a watse. Ranar da tsutsa ta kama kuɓewarki, babu wanda za ki tambaya. Ranar da irinki ya ƙi fitowa, babu maƙwabciyar da za ta sam miki nata. Lambu kuwa ba ya son biki, naci yake so, da wadda za ta leƙo ta ce “yaya ya kwana?”

Wannan kuwa mu muke da shi. Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809. A kowace mazaɓar da jam'iyya ke da ƙafa, akwai shugabar mata. Mu ne muke shiga lungu, mu ne ake buɗe wa ƙofar gidan da namiji ba ya shiga, mun san gidan da aka haihu da gidan da aka yi rashi. Ashe duk wannan tsarin sai lokacin zaɓe kawai zai yi amfani?

*Yadda za ki fara, ba sai da fili ba*

Ki nemi buhunan shinkafa ko na masara guda biyar, waɗanda ba su yage ba. Ki ɗan huda gindinsu don ruwa ya riƙa tsanewa. Ki haɗa ƙasa mai kyau kashi biyu da taki kashi ɗaya, in ƙasarku mai laka ce ki ƙara ɗan yashi. Takin nan kashin awaki ne ko na shanu ko na kaji, amma wanda ya daɗe ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi, ki tara shi a gefe ya yi makonni tukuna.

Ga dabarar da ke sa ruwa ya ratsa har ƙasa: ki sami babban gwangwanin madara, ki cire gindinsa, ki tsayar da shi a tsakiyar buhun ki cika shi da tsakuwa, ki zuba ƙasa kewaye da shi. Sai ki ja gwangwanin sama, ki sake cikawa, haka har buhun ya cika. Kin ga an sami hanyar tsakuwa a tsakiya, nan za ki riƙa zuba ruwa. Ki tsaga ƙananan ƙofofi a jikin buhun, a nan ma ana dasa ganye, buhu ɗaya ya yi aikin biyu. Ki ajiye su inda rana ke samu kamar awa shida a yini.

Babu buhu? Tsohon baho da ya fashe, bokitin fenti da aka wanke tas, jarkar da aka yanke, duk suna yi.

Me za ki shuka?

Buhu na ɗaya, alayyahu. Shi ne mai saurin faranta rai, mako uku zuwa huɗu kin fara yanka. Kada ki tuge, ki yanka sama ki bar gindin, zai sake tohowa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ki gauraya da yashi kafin ki yafa.

Na biyu, kuɓewa, gindi biyu ko uku. Wajen wata biyu za ta fara 'ya'ya, kuma in kina tsinka duk bayan kwana biyu, ƙara haihuwa take yi. In kin bar ta ta tsufa a jiki, sai ta ja baya.

Na uku, attarugu ko tattasai. Yana da jinkiri, amma in ya kama zai daɗe yana ba ki.

Na huɗu, ki bi lokaci. Da damina ki sa yakuwa ko rama ko lalo. Da sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin tumatur ne da latas da karas. Tumatur da attarugu ana fara renonsu a ƙaramin mazubi, sai sun yi mako uku zuwa biyar a dasa su da yamma. Ki kafa wa tumatur sanda ki ɗaure shi da tsumma, kada 'ya'yan su kwanta a ƙasa.

Na biyar, albasa mai ganye. Gindin albasar nan mai saiwa da kike yankewa ki zubar, ki binne shi, ki ga ikon Allah. Ki sa na'a-na'a a wani mazubi daban, don in kika haɗa ta da wasu za ta mamaye wurin.

In akwai ɗan lungu mai ƙasa, ki dasa zogale guda, ko da reshe ne. Da ya kai ƙirjinki ki datse kansa, zai yi rassa ya cika da ganye inda hannunki ke kaiwa.

*“Ruwan sha ma saya muke yi”*

Wannan ita ce babbar magana, ba zan raina ta ba. Wadda ke jiran mai ga-ruwa ta san darajar kowace jarka. Amma ki duba ruwan da ke bin rariya a gidanki kullum: na alwala sau biyar, na wankin shinkafa, na wanke kayan miya, na ɗaurayar ƙarshe da babu kumfa. Ki ajiye baho a wurin alwala, ki tara. A lokacin sanyi, bokiti guda yana iya isar buhu biyar a yini. Ruwan da ke da omo ko bilic ko maiƙo ko gishiri, shi kam kada ki ba shuka.

Ki yi ban-ruwa da sassafe ko bayan la'asar. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, danshi zai daɗe. Ki huda murfin gorar ruwa da allura, ki cika ta ki kifa a gindin shuka, tana ɗiga a hankali ko kin tafi unguwa. Mai ƙaramin tulu na ƙasa, ta binne shi zuwa wuya kusa da shuka ta cika shi da ruwa ta rufe bakin, zai riƙa tsattsafowa da kansa. Da zafin Maris zuwa Mayu, ki yi musu 'yar rumfa da tsohon buhu, ko ki rage su zuwa biyu har ruwa ya sauka. Duk ruwan da kika tara kuma ki rufe shi, kada mu gudu daga tsadar miya mu faɗa kiwon sauro.

*“Awaki da kaji ba za su bari ba”*

Gaskiya ne, akuya ba ta da kunya. Ki yi ɗan shinge da kara ko tsohuwar zana, ko ki ɗora buhunan a kan bulo ko tsohon benci. Gidan sauron da ya yage ya daina amfani, ki zagaye su da shi, yana tare kaji har da wasu ƙwari. Wanda ya yage na ce fa, ba sabon da aka ba ki don yara ba.

In ƙwari sun zo, ki daka 'ya'yan darbejiya ko ganyenta, ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki ɗan goga sabulun wanki na sanda a ciki, ki yayyafa da yamma sama da ƙasan ganye. Toka ma ana barbaɗawa kaɗan. Tsutsar da ido ke gani, ki cire ta da hannu. Don Allah, don Annabi, kada ki kusanci abin da yaranki za su ci da fiya-fiya ko maganin sauro. Guba ce.

*“Gidan haya nake”*

Shi ya sa na ce buhu. Ba ki haƙa wa mai gida ƙasa ba, ranar tashi kuma ki ɗora abinki a mota tare da katifa. Ki dai ɗan janye su daga jikin gini don kada danshi ya ɓata katanga. Kuma ki yi shawara da maigida tun farko. Namijin da ya ga kuɗin cefane ya ragu, shi da kansa zai riƙa kawo miki taki.

*“Gwamnati ce ke son ɗora mana nauyinta”*

Wannan tambayar ta fi kowace nauyi, kuma mai yin ta tana da hujja. Buhu biyar ba za su ba ki masara ba, ba za su ba ki shinkafa ba. Ba za su mayar da manomin Zamfara ko Katsina gonar da 'yan bindiga suka raba shi da ita ba. Ba za su sauke farashin taki ko gyara hanyar da motar tumatur ke maƙalewa ba. Wannan aikin masu mulki ne, na kowace jam'iyya, har da namu a duk inda suke riƙe da kujera. Duk wanda ya ce miki “ki je ki yi lambu” don ya rufe miki baki, ki ce masa lambun kin yi, saura nasa.

Amma ki lura da wani abu. Me ya sa ake zuwa mana da taliya da sabulu da turmin atamfa ana gobe zaɓe? Saboda an san tukunyarmu a buɗe take. Yunwa ce ke karya farashin ƙuri'a. Macen da ta san ko ba ta fita ba yau za ta kaɗa miya, tana iya duban ɗan takara ido cikin ido ta tambaye shi me ya yi wa unguwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sanatoci 109 ne a majalisa ta goma, mata huɗu kacal, alhali mu ne ke cika layi tun asuba. Ba lambu ne zai gyara wannan ba, amma matan da suka saba haɗuwa duk mako a kan aikin da su suka tsara, suna riƙe asusu, suna raba aiki, suna bin sawu, su ne gobe za su iya tsayar da tasu.

*Abin da nake roƙon shugabannin mata*

1. Kowace mazaɓa ta zaɓi gida ɗaya mai ruwa da ɗan wuri ya zama gidan reno. A rena tumatur da attarugu a can, a raba dashe. Ledar iri guda tana isar gidaje da yawa, babu dalilin kowa ta sayi tata.

2. A yi adashen iri. Wadda aka ba, in nata ya nuna, ta bar gindi ɗaya ya bushe ta dawo da iri. Kuɓewa, alayyahu, yakuwa, rama, duk ana ajiye irinsu a kwalba a wuri mai sanyi. Iri mai aure na kamfani shi ne ba a ajiyewa, don 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar.

3. A nemo masu sani. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen aikin gona, jihohi suna da hukumomin bunƙasa noma irin su KNARDA a Kano, ga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. Ku rubuta takarda ku nemi a turo malamar gona ta zo taron mata. Haƙƙinku ne. Kada kuma ku manta da tsofaffin cikinmu. Iyayenmu na karkara ba su taɓa sayen yakuwa ba, a bayan ɗaki take. Ku zaunar da Inna ta koya muku.

4. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, ku je wa kansila da ciyaman da buƙata a rubuce: a gyara tuƙa-tuƙar unguwa da ta lalace, a ba mata aron wani gefe na filin makarantar firamare ko na asibitin unguwa su yi lambun haɗin gwiwa. Ɗan takarar da ya zo neman goyon baya, ku karɓe shi da mutunci, ku miƙa masa wannan takardar. Ku rubuta ranar da ya yi alkawari.

5. In abu ya yi yawa, kada a bari ya lalace. Tumatur a yanka a shanya ya zama kauɗa, kuɓewa a busar a daka, zogale a shanya shi a inuwa don kada rana ta cinye amfaninsa. Wadda nata ya wuce ci, ta ƙulla ta sayar a cikin gida.

6. Wajen rabon dashe, kada a tambayi kowa katin jam'iyya. Maƙwabciyarki ko 'yar wace jam'iyya ce, yaranta da naki tare suke wasa. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa shukar da mutum ko tsuntsu ya ci daga gare ta, sadaka ce ga wanda ya shuka. Kuma duk wadda ta ci miyar kuɓewar da kika ba ta irinta, ba sai kin yi mata dogon jawabi ba.

7. Ban da hoton ƙarya. Kada a je lambun wani a tsaya da hijabi mai tambarin jam'iyya a turo mana. Ki turo naki ko ganye huɗu ne. Wadda nata ya ƙone, ta turo shi a ƙone, a gaya mata abin da ya faru, ta sake. Kowa da ke lambu ya taɓa asarar shuka.

'Yar uwa, ba sai kin jira taro ko umarni daga sama ba. Yau ki ware buhu ɗaya. Gobe ki aiki yaro ya samo miki taki wurin masu kiwo. Ranar kasuwa ki sayi irin alayyahu na kuɗi kaɗan. Nan da wata guda, in Allah Ya so, akwai ranar da za ki ɗora tukunya ba ki aiki kowa wurin mai ganye ba.

Shugabannin mata na mazaɓu, a taronku na gaba ku sa wannan a ajanda, ku turo wa shugabar ƙaramar hukuma sunan unguwar da gidan renonku yake da adadin matan da suka shiga. Bayan wata uku mu dawo zauren nan mu yi lissafi.

Allah Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya sauƙaƙa mana rayuwa, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.

A tura wa sauran zaurukan mata. Wadda ba ta karatu, a karanta mata ko a yi mata saƙon murya.

Taku a kullum,
'yar uwarku a reshen mata.